Yadda Ake Zaɓar Hanyar Ɗaukar Waya Yayin Gudun Motsa Jiki

Mai gudun motsa jiki yakan taka ƙasa kimanin sau 160 zuwa 180 a minti ɗaya, wato a gudun rabin sa'a kawai ƙafafunsa za su sauka wajen sau 5,000. Duk abin da ke kwance sako-sako a aljihunsa zai yi tsalle gwargwadon wannan adadi, alhali wayoyin wannan zamani ba ƙananan kaya ba ne, domin galibin manyan wayoyin Tecno da Infinix da Samsung da iPhone nauyinsu yana tsakanin giram 170 da 240, fuskarsu kuma ta haura inci 6. Saboda haka abin da ake nema shi ne wurin da waya za ta zauna daram a jikin mai gudu, ba ta rawa, ba ta shan zufa, kuma ba ta jawo idon mutane.

Da farko mutum ya tambayi kansa abin da wayar za ta yi masa a hanya. Idan don lissafin nisa ne da kuma tsaron lalura, to babu buƙatar ya riƙa ganin fuskarta, ya kunna manhajarsa a ƙofar gida ya ajiye ta sai ya dawo. Mutane da yawa suna riƙe waya a hannu ne don duba nisan da suka ci, ba tare da sanin cewa manhajoji irin su Strava da Nike Run Club suna iya faɗa wa mutum wannan da murya a kowace kilomita ba. Wanda ya saita wannan, ya kuma jera abin da zai saurara tun kafin ya ɗaura takalmi, ya rage kusan duk dalilan da za su sa ya ciro waya a tsakiyar titi.

Mataki na biyu shi ne awo. A ɗauki tef ɗin tela a auna tsawon wayar da faɗinta tana cikin rigarta, ba tsirara ba, domin rigar roba mai kauri takan ƙara kusan santimita guda, kuma wannan ɗan ƙarin ne yake hana zif rufewa. A auna ƙugu a daidai saman ƙashin kwatangwalo, a auna kaurin damtse. Da waɗannan lambobi ake shiga kasuwa ko shagon intanet.

Daga nan sai a duba hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. Riƙewa a hannu ita ce mafi sauƙi kuma mafi rashin amfani. Hannun da ke damƙe da waya ba ya lilo kamar ɗan'uwansa, kafaɗar wannan ɓangaren takan ƙage, tafin hannu ya jiƙe da zufa, kuma tuntuɓe ɗaya ya isa ya kai gilashin ƙasa. Aljihun wando na yau da kullum ma bai fi haka ba: wayar tana dukan cinya a kowane taku, tana jan wandon ƙasa, idan kuma babu zif tana iya zamewa ba a ji faɗuwarta ba.

Madaurin damtse, wato ɗan aljihun nan mai fuskar leda da ake ɗaurawa a saman hannu, ya yi tashe ne lokacin da wayoyi suke ƙanana, kuma har yanzu yana da amfani ga mai ƙaramar waya da ke gudun minti 20 ko 30. Amma idan waya ta kai giram 200, da zarar zufa ta jiƙa fata sai madaurin ya fara sulalowa wajen gwiwar hannu, mai shi ya ƙara matse shi, matsin kuma ya dame shi har yatsu su fara yin nauyi. Gefen abin maƙalawar, mai ƙaya-ƙaya irin na takalmin yara, yakan goge fatar haƙarƙari ko ta cikin damtse har ta sale. Wanda ya nace a kansa ya ɗaura shi a kan hannun riga maimakon a kan fata, kuma ya tabbata yatsa ɗaya yana iya shiga tsakanin madaurin da hannu.

A ganina ɗamarar ƙugu ce ta fi dacewa da mafi yawan masu gudu, kuma dalilin a fili yake: ƙugu ne sashen jikin da ya fi ƙarancin lilo yayin gudu, kuma nauyin da aka ɗora a tsakiyar jiki ba ya karkatar da mutum zuwa gefe ɗaya. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai siririn bel na roba mai maɓalli da ɗan aljihu mai buɗewa idan an cusa masa kaya, irin wanda kamfanin SPIbelt ya yi suna da shi, wanda ake iya ƙara masa tsawo ko a rage. Akwai kuma mai faɗi wanda ba shi da maɓalli ko kaɗan, irin na FlipBelt, zagaye ne na yadi mai miƙewa da ake sakawa ta ƙafa kamar wando, da 'yan tsage-tsage da ake zura waya ta ciki. Na biyun ya fi riƙe babbar waya domin yana danne ta a kwance daga kowane gefe, sai dai dole a sayi daidai awon ƙugu, tun da ba a iya gyara shi. Jakar ƙugu irin ta 'yan kasuwa da masu karɓar kuɗin mota ba ta cikin wannan lissafi, domin an yi ta ne don tsayuwa da tafiya, kuma da an fara gudu za ta riƙa bugun mara.

Yadda ake ɗaura ɗamarar yana da muhimmanci kamar irinta. A saukar da ita ta zauna a kan ƙashin kwatangwalo, kada a bar ta a kan ciki inda za ta takura numfashi. A kwantar da wayar a gicciye, ko dai a gaba ƙasa da cibiya ko a baya a gindin gadon baya, sannan a juya fuskarta waje, saboda jiƙaƙƙen yadi da ke manne da fata yana iya taɓa gilashin ya buɗe manhaja ko ya kira wani. A kulle ta kafin a saka, a kuma kashe saitin da ke kunna fuska idan an taɓa ko an ɗaga waya. Makullin gida kada ya shiga aljihu ɗaya da ita, in ba haka ba zai karce gilashin tun kafin a kai kilomita biyu.

Wanda bai samu irin wannan ɗamara a kasuwa ba, ko ya ga kuɗinta ya yi masa yawa, tela zai iya ɗinka masa. A nemi yadi mai miƙewa sosai, irin na matsattsen wandon 'yan ƙwallo, wanda ake samu cikin kayan gwanjo, a naɗe shi biyu ya zama zagaye mai faɗin kimanin santimita 10, a rage tsawonsa da 'yan santimita daga awon ƙugu domin ya kama jiki, a bar ƙofa guda wadda ba ta kai tsawon wayar ba, ta yadda sai an ja yadin kafin ta shiga. A gaya wa telan ya yi ɗinkin da ke miƙewa tare da yadi, domin ɗinki na yau da kullum zai tsinke a sakawar farko.

Matsattsen gajeren wando mai aljihu a gefen cinya shi ma yana riƙe waya da kyau, kuma ana iya sa shi a ƙarƙashin dogon wando, abin da ya dace da wanda ba ya son fita da gajeren wando kaɗai. Ita kuwa 'yar shara mai aljihunan ƙirji da wurin gorar ruwa, ta masu dogon zango ce, waɗanda ke wuce sa'a ɗaya a hanya. Ga mai zagaye filin ƙwallo na unguwa, ƙarin zafi ce kawai. Mata masu gudu da hijabi sun fi kowa samun sauƙi da ɗamarar ƙugu, domin tana ɓacewa gaba ɗaya a ƙarƙashin tufafi. Cusa waya a cikin rigar mama kuwa ba dabara ba ce, saboda nan ne zufa ta fi taruwa kuma gefen wayar yana goge fata.

Mataki na huɗu shi ne a yi la'akari da yanayi. Kamfanin Apple ya bayyana cewa an ƙera wayoyinsa su yi aiki tsakanin digiri 0 da 35 a ma'aunin Selshiyos, alhali a bazara zafin rana a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram yakan haura digiri 40. Wayar da ke bibiyar tauraron ɗan'adam don lissafin nisa tana kuma kunna sauti ta riga ta ɗauki ɗumi da kanta, idan aka ƙara mata rana a cikin aljihun leda na damtse, sai ta rage hasken fuska, ta yi nauyin aiki, batirin ma ya riƙa lalacewa da wuri. Wannan wani dalili ne na sa ta ƙarƙashin riga da kuma fita bayan sallar asuba ko da yamma liƙis. Zufa kuwa ta fi ruwan sama illa, domin gishirinta yana cin ƙarfen ramin caji. Alamar IP67 da ake gani a kwalin wasu wayoyi tana nufin an gwada su a ruwa mai tsabta mai zurfin mita 1 na minti 30, ba a ruwan gishiri ba, kuma yawancin wayoyi masu rahusa ba su da wannan kariya ma. Ƙaramar leda mai zif, irin wadda ake zuba ƙwayar magani ko kayan ƙamshi, ta wadatar a damina da lokacin ƙurar hunturu. Idan an dawo an ga laima a ramin caji, a bar shi ya bushe kafin a jona waya da wuta.

Sai batun tsaro, wanda a wasu wurare shi kaɗai ya isa ya yanke hukunci. Ƙwacen waya matsala ce da mazauna Kano da wasu manyan birane suka sani sarai, kuma mai gudu da duku-duku a titin da babu jama'a, da waya tana haske a hannunsa ko a damtsensa, ya tallata abin da yake ɗauke da shi. Igiyar abin sauraro da ke saukowa daga kunne zuwa aljihu ita ma tana nuna inda wayar take, don haka a bi da ita ta cikin riga, ko a yi amfani da mai Bluetooth. Kunne ɗaya a bar shi a buɗe domin jin babur da adaidaita sahu daga baya. WhatsApp yana ba da damar nuna wa wani inda mutum yake kai tsaye na tsawon minti 15 ko sa'a 1 ko sa'a 8, kuma tura wannan ga wani na gida kafin fita ba ya buƙatar a sake taɓa wayar.

Kafin a biya kuɗi, ko kafin a cire takardar jikin kayan, a gwada. A saka wayar, a yi tsalle a wuri ɗaya kamar sau 20, a sunkuya a taɓa yatsun ƙafa, a ɗaga gwiwa sama-sama. Idan ana jin ta tana bugun jiki a tsakar ɗaki, a titi abin zai ninka. Bayan haka a fita gajeren gudu na minti 10 zuwa 15, a dawo a duba fata: duk inda ya yi ja, nan ne zai sale a dogon zango, sai a shafa masa ɗan Vaseline ko a sauya wa ɗamarar mazauni. Mai shirin shiga gasa, kamar gudun fanfalaki na Legas mai nisan kilomita 42.195 da ake yi tun 2016, kada ya sa sabon madauri ranar gasar, ya yi amfani da wanda ya riga ya yi dogon atisaye da shi.

Ɗamara da madauri suna shan zufa kamar safa, don haka a ɗauraye su da ruwa da ɗan sabulu bayan kowane gudu mai tsawo, a shanya a inuwa domin rana tana kashe roba. Idan robar ta saki har wayar ta fara tsalle, tela zai iya rage tsawonta da ɗinki ɗaya.