Yadda Ake Auna Wasan Bidiyo Kafin a Ba Shi Maki

Idan mujalla ta danƙa maka sabon wasa domin ka yi masa sharhi, ka fara da buga shi har ƙarshe, ko da zai cinye maka sa'o'i 40, domin wasanni da yawa suna farawa da armashi sannan su yi sanyi a tsakiya. Ka ajiye takarda a gefenka, kana rubuta duk inda hoto ya tsaya cak, ko inda ka danna maɓalli amma jarumin wasan ya yi jinkirin tsalle. A ganina, irin wannan jinkiri ya fi munin zane ɓata wasa. Ka kuma bayyana na'urar da ka gwada shi a kai, ko PlayStation 5 ce ko Nintendo Switch, tunda ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Wajen ba da maki, tsarin mujallar Famitsu ta Japan abin koyi ne: mutum huɗu ke gwada wasa ɗaya, kowa ya ba da nasa makin cikin 10, sai a haɗa jimilla cikin 40. Idan kamfani ne ya aiko da wasan kyauta, wajibi ne ka sanar da mai karatu tun a farkon sharhin.