Yadda za ka ci kwas ɗin halittun teku alhali ko tekun ba ka taɓa gani ba

Ƙannena da ke sashen nazarin halittu ko na kiwon kifi, in wannan kwas ɗin ya faɗo muku a samistan nan kada ku tsorata don kun ga mu 'yan Kano ne, ruwan da muka sani bai wuce Tiga da Challawa ba, Legas kuma tafiyar kusan kilomita 1,000 ce a mota. Abin da ke jawo wa mutane kerioba shi ne su ɗauki handawut su hau haddar sunayen Latin tun satin farko, ba su san me ya sa kowace halitta take zaune inda take ba.

Fara da gishiri. Ruwan teku yana da kusan giram 35 na gishiri a kowace lita, to kar ka tsaya a karantawa, haɗa shi da hannunka. Fiya wata biyu lita ɗaya kenan, ka zuba ƙaramin cokali shida na gishiri ka juya, ka ɗanɗana da bakin harshe kawai. Sannan ka yanka dankalin turawa siriri gida biyu, ɗaya a wannan ruwan ɗaya a ruwan famfo, ka tafi sallar la'asar ka dawo. Na cikin gishirin ya yi laushi yana lanƙwashewa don ruwan jikinsa ya fita, ɗayan kuwa ya ƙara tauri. Matsalar kifi kenan. Kifin teku kullum ruwan jikinsa zurarewa yake, shi ya sa yake shan ruwan tekun yana fitar da gishirin ta wannan jajayen abin da ke cikin kunnensa, fitsarinsa ɗan kaɗan. Karfasa da tarwaɗa a dam akasin haka ne, ruwa ne ke shigar musu jiki ba su nema ba sai su yi ta fitsari mai yawa. In ka iya bayyana wannan da bakinka wallahi ka riƙe babban kaso na makin tes.

Sai haske da zurfi, shi kam zane ne zai fisshe ka. Ja layi daga sama zuwa ƙasa a bangon littafinka: mita 200 na sama nan ne rana ke isa sosai har ƙananan tsirran nan da ido ba ya gani, filankiton, su haɗa abinci, kuma su ke samar da kusan rabin iskar oksijin ta duniya. Daga 200 zuwa 1,000 duhu-duhu ne, ƙasa da nan duhu ƙirin, kuma duk mita 10 da ka sauka nauyin da ke danne ka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a nan waje. Ramin Mariyana a tekun Fasifik ya kusa mita 11,000, kai ka yi lissafin. Duk dabbar da lakcara ya ambata a aji ka sa ta a gurbinta a zanen nan, sai ka ga manyan idanu da hasken da wasunsu ke fitarwa daga jikinsu sun zama abin da hankali zai ɗauka. Ka bar fili a can ƙasa don maɓuɓɓugan ruwan zafi da aka gano a 1977 kusa da tsibiran Galapagos, inda ƙwayoyin bakteriya ke haɗa abinci da sinadarai ba da rana ba, malamai na son tambayar nan.

Firaktikal kuma, in lab ɗinku ba kayan kirki kar ka zauna ƙorafi, shiga kasuwar Sabon Gari. Ka sayi kifin ƙanƙara titus guda ɗaya da tarwaɗa ɗaya ka shimfiɗa su a faranti. Dubi titus, jiki sumul mai tsini gaba da baya, wutsiya a rabe biyu, baya shuɗi-shuɗi da zane baƙi ciki kuma fari fat, wato an yi shi ne don gudu a buɗaɗɗen ruwa, mai kallo daga sama ba ya gane shi sosai na ƙasa ma haka. Tarwaɗa kuwa kai a baje, gashin baki na lalube a taɓo. Yanzu ne lokacin sunan Latin, Scomber scombrus da Clarias gariepinus, ka rubuta a ƙarƙashin zanen da ka yi da kanka, ba zai fita ba. Ka ƙara da kirafish na ɗari biyu wajen masu kayan miya, ka jiƙa manya daga cikinsu su buɗe ka ƙirga ƙafafu da gaɓoɓi. Titus ɗin dai kar a yar, a soya.

Cika da janyewar teku mu ya kamata mu fi kowa ganewa tunda muna bin lissafin wata. A gaɓar Najeriya ruwa na cika sau biyu a rana, tsakani kusan awa 12 da minti 25, kuma ya fi cika sosai a tsayuwar wata da daren sha huɗu lokacin da rana da wata da duniya suke kan layi ɗaya, a bakwai ga wata da wajen ashirin da biyu kuma sai ya lafa.

A jarrabawa ka riƙa kawo misalin gida. Gaɓarmu kusan kilomita 853 ce a mashigin tekun Gini, ga dazukan mangurob, wato itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin teku, na Neja Delta inda ƙananan kifaye da jatan lande ke girma kafin su fita teku, shi ya sa malalar mai a can ɓarnarta ta wuce kashe kifin yau kaɗai. Ga kuma ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasa a gaɓar Gana da Kwaddibuwa tsakanin Yuli da Satumba yana kawo taki sama, kifin sadin ya yawaita. Wanda abin ya shiga ransa kuma ya fara cigiya tun yanzu ko zai samu gurbin koyon aiki a cibiyar binciken teku ta tarayya da ke Biktoriya Ailan a Legas, ko ya duba karatun digiri na biyu a jami'ar Legas ko ta Kalaba, duk suna koyar da ilimin teku.