Yadda Za Ka Nazarci Mulkin Henry na Bakwai ta Hanyar Bin Sawun Kuɗi

Ɗalibin da ke son gane yadda Henry na Bakwai ya riƙe Ingila daga 1485 zuwa 1509 kada ya raba batun manyan masu sarauta da batun baitulmali, domin a wurin wannan sarki igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Ka fara da ranar da ya ɗauka a matsayin farkon mulkinsa. Ya ci yaƙin Bosworth ranar 22 ga Agusta 1485, amma ya sa aka ƙirga sarautarsa daga ranar 21, ta yadda duk wanda ya yi yaƙi a ɓangaren Richard na Uku, sarkin da ya kayar a yaƙin, ya zama maci amanar ƙasa, kuma majalisar dokoki za ta iya ƙwace masa sarauta da filaye. Daga nan sai ka bi mutum ɗaya ka ga yadda aka yi da shi. Thomas Howard, mai sarautar Surrey, wanda ya yi yaƙi a ɓangaren Richard, ya zauna a tsare a Hasumiyar Landan har 1489, sannan aka riƙa mayar masa da filayensa kaɗan-kaɗan gwargwadon biyayyar da ya nuna.

Inda ya fi cancanta ka daɗe shi ne takardun lamuni, waɗanda babban mutum ke sa wa hannu cewa sarki zai bi shi bashin kuɗi masu yawa idan ya saɓa wani sharaɗi. Ka ɗauki shari'ar George Neville, mai sarautar Burgavenny, ka yi lissafin da kanka. A 1507 an same shi da laifin tara mabiya 471 ba da izini ba, tarar kuwa fam 5 ce a kan kowane mutum kowane wata, tsawon wata 30, jimla fam 70,650. Babu mai sarautar da zai iya biyan wannan, kuma sarki ya sani. Sai aka daidaita a kan fam 500 duk shekara har shekara goma, aka kuma hana shi shiga yankunan Kent, Surrey, Sussex da Hampshire sai da izini, ragowar bashin yana nan a wuyansa. A ganina, wanda ya fahimci wannan shari'a ya fahimci rabin mulkin.

Sannan ka duba inda kuɗin ke shiga. Henry ya karkatar da yawancin kuɗin shiga daga tsohuwar baitulmali mai jan ƙafa zuwa taskar fadarsa, ƙarƙashin Thomas Lovell, daga baya John Heron, shi kuma sarki yana duba littattafan lissafi yana sa hannu da kansa. Ka haɗa da harajin kwastan da majalisa ta ba shi na tsawon rai, da kuɗin shekara-shekara da Faransa ta amince ta biya a yarjejeniyar Etaples ta 1492. Haraji kai tsaye kuwa ya jawo masa tawaye a Yorkshire a 1489 da Cornwall a 1497, abin da ke nuna dalilin da ya fi son tatsar masu hali ɗaya bayan ɗaya.

Kada ka rufe nazarinka ba ka auna zaluncin da ke ciki ba. Richard Empson da Edmund Dudley, masu karɓar waɗannan basussuka, an kama su kwanaki kaɗan bayan rasuwar sarki, aka kashe su a 1510, kuma Dudley ya rubuta a kurkuku jerin mutane fiye da 80 da ya ce an matsa musu ba bisa adalci ba.