Yadda Za Ka Karanci Ingilishi a Jami'a Har Digirin Ya Yi Maka Rana

Kuskuren da yawancin masu neman gurbi a sashen Ingilishi suke yi shi ne zaton cewa za a zaunar da su a koya musu magana da Turanci. Sashen yana ɗauka cewa ka riga ka iya harshen gwargwado, aikinsa kuwa shi ne ya koya maka feɗe shi, ka san yadda aka gina shi da abin da aka rubuta da shi. Saboda haka, kafin ka cike takardar neman shiga, ka nemi jerin darussan sashen ka duba inda ya fi ba da ƙarfi, domin wasu jami'o'in sun karkata ga nazarin harshe, wasu ga adabi, wasu kuma sukan haɗa su a shekarun farko sannan ɗalibi ya zaɓi ɗaya.

A ɓangaren harshe za ka haɗu da ilimin furuci, da tsarin sauti, da ginin kalma, da ginin jimla, da ilimin ma'ana. Ilimin furuci ne ya fi kayar da sababbin ɗalibai, kuma dalilin a fili yake: haruffan Ingilishi 26 ne, amma sautukan daidaitaccen Turancin Ingila sun kai 44, baƙaƙe 24 da wasula 20, don haka rubutu ba ya nuna furuci kamar yadda muka saba a Hausa. Ka haddace alamomin rubuta sauti tun a zangon farko, ka riƙa duba furucin kowace sabuwar kalma a ƙamus maimakon ka yi hasashe. Tarihin harshen ma zai rage maka mamaki. Mamayar da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi wa Ingila a 1066 ita ta cika harshen da kalmomin Faransanci, sannan bayan William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila a 1476 rubutun kalmomi ya fara daskarewa alhali furucin wasula yana ci gaba da sauyawa. Ɗalibin da ya san wannan ba zai ƙara ɗaukar ƙa'idar rubutun Ingilishi a matsayin rikici marar tushe ba.

A ɓangaren adabi, dokar guda ɗaya ce: ka karanta littafin da kansa. Taƙaitaccen bayanin da ake samu a intanet zai iya tsallakar da kai jarrabawa, amma ba zai koya maka lura da dalilin da ya sa marubuci ya zaɓi wannan kalma ya bar waccan ba, alhali wannan lurar ita ce ainihin abin da ka zo nema. Turancin Shakespeare, marubucin wasannin kwaikwayo wanda ya rasu a 1616, zai yi maka nauyi da farko. Karanta wasan da babbar murya ko kallonsa a dandamali yakan warware abin da shafi ya ɗaure. Ka riƙa karatu da alƙalami a hannu.

Rubutu ne ya kamata ya ci mafi yawan lokacinka, domin shi ne abin da mai ɗaukar aiki zai gwada ka a kai. Duk aikin da malami ya dawo maka da shi da jan biro, kada ka tsaya kan maki kawai, ka sake rubuta shi bisa gyaran. Ka guji kwafar aikin wani ko miƙa abin da na'ura ta rubuta maka, ba don tsoron kamu kaɗai ba, sai don wanda ya ba wani ya yi masa atisaye ba shi ne zai yi ƙarfi ba. Idan lokacin kundin kammala digiri ya zo, ka zaɓi batu ƙarami wanda za ka iya nutsawa cikinsa, kamar kwatanta yadda Hausa da Ingilishi suke nuna lokacin aiki, ko matsalolin fassara karin magana.

Game da darajar digirin, gaskiyar magana ita ce bai zo da kujera a ajiye ba, saɓanin na likitanci ko na harhaɗa magunguna. Ƙofofin da yake buɗewa su ne koyarwa, da aikin jarida, da tace rubutu a kamfanonin ɗab'i, da hulɗa da jama'a, da talla, da fassara da tafinta, kuma kowace ƙofa tana neman ƙarin mabuɗi. Mai son koyarwa a makaranta yakan buƙaci difilomar ilimi ta bayan digiri, wadda galibi shekara ɗaya ce, mai son koyar da waɗanda Ingilishi ba harshensu ba ne kuma akwai takardar CELTA ta Cambridge, wadda ake iya kammalawa cikin makonni huɗu ko biyar idan aka duƙufa. A ganina, wanda ya iya Hausa sosai yana da jarin da sau da yawa yakan raina, domin masu iya rubuta harsunan biyu da inganci ba su da yawa. Tun daga shekara ta biyu ka fara tara shaidar aikinka: maƙalar da aka buga maka a mujallar ɗalibai, rubutun da ka tace, takardar da ka fassara. Ka adana su wuri guda tare da kwanan wata, ka zaɓi uku mafi kyau ka haɗa da takardar neman aikinka.