Ku riƙa leƙa cikin bakinku da tocilan waya

Jama'a ga shawara kyauta kan kansar baki, wato ciwon daji na baki. Sau ɗaya a wata ka tsaya gaban madubi, ka kunna tocilan wayarka, ka duba gefen harshe da ƙarƙashinsa, cikin kumatu da dasashi.

In ka ga farin tabo, goga shi da tsumma mai tsafta. In bai fita ba, ko kuma jan tabo ne, ko gyambo, ɗauki hotonsa. Bayan sati 2 ka sake dubawa, in yana nan to wallahi kar ka tsaya shan magani da ka, je wurin likitan haƙori.

Irin tabon nan da kan iya rikiɗewa ya zama kansa ba baƙon abu ba ne, wajen mutum 4 cikin 100 na da shi, kuma yawanci baya ciwo shi ya sa ake sakaci. Jan ya fi farin hatsari. Mai shan sigari, mai tauna taba ko cusa ta a leɓe, da mai shan giya su suka fi shiga haɗari, balle wanda ya haɗa taba da giya.

Amma fa madubi baya nuna can cikin maƙogwaro, kuma ido baya tantance ciwon daji, sai an ɗebi ɗan naman wurin an gwada.