Yadda Mai Cikin Fari Za Ta Zaɓi Abin Goyo da Keken Jarirai

Idan cikin fari ya kai wata bakwai, hankali yakan koma kan kayan haihuwa, kuma ba a cika samun saɓani a kan zannuwa, da bahon wanka, da shawul, da hula da safa ba. Inda ake tsayawa ana ja-in-ja shi ne kan abubuwa biyu da suka fi sauran tsada, wato keken jarirai da jakar goyo ta zamani. Shawarata gare ki, ke da kike jiran haihuwar fari, ita ce ki fara da abin goyo, ki jinkirta sayen keke har sai kin ga irin fitar da kike yi da jaririn, domin an sha ganin keke mai tsada ya ƙare a bayan ƙofa ana tara wanki a cikinsa.

Dalilin zai bayyana idan kika lissafa inda za ki je a watannin farko. Kwana arba'in na jego a gida za ki yi su, wataƙila ma a gidan iyayenki idan kin je goyon ciki, kuma fitar da ta zama dole ita ce ta allurar rigakafi, wadda ake yi bayan haihuwa, sannan a mako na 6, da na 10, da na 14. Duk wadda ta taɓa raka wata asibiti ranar rigakafi ta san yadda benci yake cika maƙil, ta kuma san cewa yawancin mata a adaidaita sahu suke zuwa ko a motar haya. A irin wannan fita abin da kike bukata shi ne jariri a jikinki, hannuwanki biyu kuma a sake domin riƙe kati da jaka.

Kafin a kai ga kayan kanti, zani da majanyi suna nan, kuma babu jakar da ta fi su sauƙin wanki ko sauƙin kuɗi. Likitoci ma sun gamsu da amfanin riƙe jariri a jikin uwa: hanyar ɗaura bakwaini a ƙirji fata da fata, wadda aka fara a wani asibiti a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a fara ta nan take ga jaririn da bai kai kilo 2.5 ba a haihuwa. Idan za ki ware zanin goyo, ki zaɓi atamfa ta auduga da ta sha wanki ta yi laushi, ki guji yadi mai santsi da yake zamewa, ki kuma samu majanyi mai ƙarfi irin na saƙi. Raunin goyon baya guda ɗaya ne, amma babba ne: ba ki ganin fuskar jaririn. Saboda haka kada kunyar ɗan fari ta hana ki roƙon mahaifiyarki ko gwaggonki ta koya miki da hannunta yadda ake jan zani har ya tallafi ƙeyar jariri, da yadda ake juya fuskarsa gefe ɗaya domin hancinsa ya kasance a buɗe. Sannan akwai batun hijabi, wanda ba a cika faɗa ba. Jaririn da aka goya aka kuma lulluɓe shi da dogon hijabi a tsakiyar rana yana cikin zafi biyu, na jikin uwa da na lulluɓi, ga ƙarancin iska. Ki bar kansa a waje, ko ki ɗage hijabin daga fuskarsa, ki riƙa tambayar wadda kuke tare da ita ta duba miki shi.

Abubuwan goyo na zamani da za ki tarar a kasuwa iri uku ne. Akwai dogon ƙyalle mai miƙewa, mai tsawon kusan mita 5, wanda ake naɗawa a jiki a sa jariri a ƙirji; yana da daɗi ga sabuwar haihuwa, amma yana bukatar koyo, kuma ninkinsa uku a kan jariri ba ƙaramin zafi ba ne a watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi yake haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Akwai ƙyalle mai zobe biyu da ake ratayawa a kafaɗa ɗaya, mai saurin sawa da cirewa, sai dai kafaɗar takan gaji idan yaro ya yi nauyi. Na uku shi ne jaka mai madaurin ƙugu da na kafaɗu, irin waɗanda kamfanonin Ergobaby da BabyBjörn suka shahara da su, kuma ita ce ta fi dacewa da wadda take son abu guda da zai kai ta har yaye. Abin da za ki guje wa gaba ɗaya shi ne mai siffar buhu, wanda jariri yake kwanciya a cikinsa a lanƙwashe, ƙyalle ya rufe shi ta sama. A 2010 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta sanar da janye kusan miliyan ɗaya na irin wannan samfuri na kamfanin Infantino bayan jarirai uku sun rasu a cikinsa, kuma ba abin mamaki ba ne a ci karo da makamantansa a cikin kayan gwanjo.

Ko wane iri kika zaɓa, numfashi ne ma'aunin farko. Wuyan jariri ba ya iya ɗaukar kansa sosai sai wajen wata huɗu zuwa shida, kuma idan haɓarsa ta faɗa kan ƙirjinsa hanyar iska takan matse ba tare da ya iya yin kuka ba. Don haka jakar kirki ita ce wadda take riƙe shi a tsaye, manne da ƙirjinki, a sama sosai yadda idan kika sunkuyar da kai leɓenki zai taɓa goshinsa, fuskarsa kuma tana gabanki ba tare da kin buɗe wani ƙyalle ba. Ki tabbata yatsanki yana shiga tsakanin haɓarsa da ƙirjinsa. Idan kika danna bayansa a hankali da tafin hannu sai kika ji ya matso gare ki, to ɗaurin ya yi sako-sako, sai ki ƙara ja.

Ma'auni na biyu shi ne zaman ƙafafu. Mazaunin jakar ya kamata ya yi faɗi, ya tallafi cinyoyin jariri daga bayan wannan gwiwa zuwa bayan waccan, gwiwoyin su ɗan fi mazaunansa tudu, kamar zaman kwaɗo. Wannan shi ne zaman da likitocin ƙashi suke yabawa domin lafiyar gaɓar ƙugu, kuma shi ne zaman da goyon zani yake bayarwa tun asali. Jaka mai siririn mazauni, wadda ƙafafun yaro suke reto a miƙe, ta fi araha, amma nauyinsa duka a tsakanin cinyoyinsa yake sauka, naki kuma a kafaɗu. Ki karanta nauyin da aka rubuta a jikin jakar: yawancinsu daga kilo 3.2 ko 3.5 suke farawa, wasu kuma sai da ƙarin matashi na musamman suke karɓar sabuwar haihuwa. Idan jaririn ya zo bakwaini ne, ko yana da matsalar numfashi, sai likita ya amince kafin a sa shi a kowace jaka. Juya yaro ya fuskanci hanya kuwa sai wuyansa ya yi ƙwari, kuma da zarar barci ya ɗauke shi a mayar da fuskarsa ƙirji.

Wata matsala da mai ciki take fuskanta a kanti ita ce ba za ta iya gwada madaurin ƙugu a kan tsohon ciki ba. Mafita ita ce ki je da maigida ko ƙanwarki, a sa ƙullin shinkafa mai nauyin kilo huɗu ko biyar a cikin jakar, a ɗaura, a zagaya kantin na minti goma. Idan maigidan ne ya gwada an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin jaka mai madauri da ake iya ƙara wa tsawo ita ce kaɗai hanyar da yawancin maza za su yarda su ɗauki jariri ba tare da sun ce hannunsu ya gaji ba. Ki ja kowane ɗinki da ƙarfi, ki ɓalle maɓallan ki mayar sau da yawa ki ji ko suna kamawa da ƙara, ki kuma fifita auduga ko raga a kan yadi mai kauri na ƙasashen sanyi, wanda ba abin da zai jawo sai ƙurajen zafi. Idan haihuwar ta zo da tiyata, madaurin ƙugu zai iya zama daidai kan ɗinkin, don haka sai ki jira izinin likita. Kuma ko da wace irin jaka ce, ba a girki a gaban murhu ko risho da jariri a ƙirji, ba a kuma hawa acaɓa da shi.

Game da keke, kafin ki dubi ko wane samfuri, ki fita ƙofar gidanku ki dubi hanya. Idan layinku rairayi ne, ga kwata a tsakiya, ga babura suna giftawa, keke mai ƙananan tayoyin roba zai nutse tun kafin ki kai bakin titi. Irin wannan hanya sai manyan tayoyi, kuma gara masu cike da soso a kan masu iska, waɗanda ƙaya ɗaya za ta kai ki wurin mai faci. Wadda take zaune a rukunin gidaje mai kwalta, ko take yawan shiga manyan kantuna da filin jirgi, ita ce keke zai yi wa aiki kullum. Ki yi lissafin ɗauka ma: ƙananan kekuna sukan yi kilo 5 zuwa 7, manya kuma sukan haura kilo 10, kuma idan a bene kike, ke ce za ki riƙa hawa da shi da jariri a hannu ɗaya. Ki auna but ɗin motarku da igiyar awo kafin ki biya, ki kuma sa mai kanti ya bar ki ki naɗe keken ki buɗe da kanki.

Abin da ya raba keken sabuwar haihuwa da na babban yaro shi ne kwanciya. Jaririn da bai kai wata shida ba yana bukatar keke mai shimfiɗuwa sosai kamar gado, saboda dalilin numfashi da aka ambata a baya. Ƙaramin keken nan mai naɗewa kamar lema, wanda injiniyan jiragen sama ɗan Ingila Owen Maclaren ya ƙirƙiro a 1965, mara nauyi ne kuma yana shiga adaidaita sahu, amma yawancin irinsa na yaron da ya fara zama ne. Wannan ma wani dalili ne na jinkiri: idan goyo ya ɗauke ki har wata shida, ƙaramin keke mai sauƙin kuɗi zai wadatar, ba sai kin sayi babba ba.

A jikin keken ki duba abubuwa kaɗan da idonki da hannunki. Madaurin yaro ya zama mai kama wuri biyar, kafaɗu biyu, ƙugu biyu, da tsakanin ƙafafu. Ki taka birki ki tura keken da ƙarfi ki ga ko tayoyin baya biyu sun tsaya cak. Ki danna mariƙin ƙasa kaɗan; idan gaban ya ɗaga nan da nan, to ranar da kika rataya jakar famfas a wurin zai kife da yaron, shi ya sa kaya a kwandon ƙasa ake sa su. Ki lura da gaɓoɓin da suke naɗewa, domin a 2009 kamfanin Maclaren ya janye kusan keke miliyan ɗaya a Amurka bayan gaɓar naɗewar ta datse kan yatsun yara 12. Lambar EN 1888 ta Turai ko ASTM F833 ta Amurka a jikin keke alama ce cewa an yi shi bisa ƙa'idar gwaji, sai dai buga lamba a takarda ba wuya ba ne, gwajin hannunki ya fi ta.

Rumfar keke ta zama mai faɗi, mai tagar raga da iska take ratsawa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne yafa zani a kan keken gaba ɗaya domin kare rana ko ƙurar hunturu. Masu bincike na Jami'ar Sydney a Ostireliya sun wallafa wani gwaji a 2023 da ya nuna cewa busasshen ƙyalle yana iya ƙara zafin cikin keke da kusan digiri 4, yayin da jiƙaƙƙen ƙyalle mara nauyi tare da ƙaramar fanka suke rage shi. Domin sauro da ƙuda, ragar keke mai roba a baki ta isa, kuma ba ta da tsada.

Wasu kekunan suna zuwa da kujerar mota da ake ɗorawa a kansu. Idan kuna da mota wannan haɗi yana da amfani, domin goyo ko riƙo a cinya ba ya kare jariri idan aka taka birki da ƙarfi. Kujerar tana fuskantar baya ne, a kujerun bayan mota, kuma kada jariri ya wuce awa biyu a cikinta a jere, tunda a zaune yake ba a kwance ba. Ita kaɗai ce ba na son a saya ta hannu, saboda wadda ta taɓa shiga haɗari tana iya tsagewa ta ciki ba a gani.

Keke da jakar goyo kuwa ana iya samun na hannu masu inganci, a Kasuwar Barci ta Kaduna, ko Ƙofar Wambai a Kano, ko wurin 'yar'uwar da ta yaye, kuma sau da yawa tsohon mai kyau ya fi sabon jabu. Ki dubi tsatsa a ƙarfen, da tsagewa a robar, da ɗinkin da ya fara warwarewa, ki ƙi duk wanda aka ɗaure wani sashensa da waya. Idan ta intanet za ki saya, ki tambayi nauyi da girman keken a naɗe, ki kuma tabbatar ana karɓar kaya idan ba su yi ba. Da yake dangi da ƙawaye sukan haɗa kuɗi su yi kayan barka, ba laifi ba ne ki sanar da wata ta kusa da ke irin wanda kika zaɓa tun kafin suna, domin kada a kawo miki kekuna biyu marasa kwanciya.

Idan kayan sun iso gida, ki wanke duk ƙyallen da zai taɓa jikin jariri da sabulu mara ƙamshi, ki shanya a rana. Ki koyi ɗaura jakar da 'yar tsana ko matashi a gaban madubi tun kafin naƙuda, ranar da za ki fara sa jaririn a ciki kuma ki yi a zaune a bakin gado, bayan ya sha nono ya yi gyatsa, da wani babba a kusa da zai tallafi kansa har ki gama ɗaure maɓallin baya.