Kurakuran da masu binciken ilimin ƙananan yara suka fi yi

Kuskuren da ya fi kama sabon shiga wannan fage shi ne ɗaukar sakamakon ƙaramin gwaji a gina manufar ƙasa a kansa. Da wuya a ga takardar neman tallafi da ba ta ambaci shirin Perry ba, wato shirin makarantar share fage ga yaran talakawa wanda aka fara a garin Ypsilanti na jihar Michigan a Amurka a 1962, amma ba kasafai ake faɗin cewa yara 123 kacal aka nazarta ba, ko cewa kowace malama yara biyar ko shida take kula da su, kuma tana ziyartar gidajensu kowane mako. Duk wanda ya ce ajin da aka cunkushe yara a kan tabarma, malama ɗaya tana fama da su da tsumagiya a hannu, zai ba da irin wannan amfani, ya yaudari hukuma. Gyaran shi ne, kafin a kafa hujja da wani shiri, a bayyana yawan malamansa, horonsu da kuɗin da aka kashe wa kowane yaro.

Akwai kuma gaggawar yanke hukunci da jarrabawar ƙarshen shekara. A Kingston ta Jamaika, yaran da tamowa ta tsumbure, waɗanda aka riƙa ziyarta ana koya wa iyayensu wasa da su a shekarun 1980, sai bayan shekara 20 aka gano samunsu ya zarce na takwarorinsu da ba a sa su cikin shirin ba da kashi 25 cikin ɗari. Saboda haka a tanadi hanyar bibiyar yara tun ranar farko.

A ƙasar Hausa, mai bincike kan gwada yaro da Turanci, ko ya rubuta cewa ba ya karatu alhali kullum yana makarantar allo. A gwada shi da harshen gida, a kuma lissafa allo da Islamiyya.

Na ƙarshe, wanda a ganina ya fi sauran kashe aiki, shi ne jahiltar hanyar kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta Nijeriya ta 2004 ta haɗa da kula da ƙananan yara, amma jiha ba ta karɓar tallafin UBEC, hukumar tarayya mai kula da ilimin bai-ɗaya, sai ta ajiye nata kason. Don haka rahoton da za a miƙa wa kwamishina ya zama gajere, ya faɗi abin da shawarar za ta ci, da asusun da za a ciro shi, kuma ya isa ofishinsa kafin a kammala kasafin kuɗi.